Stage: Kalmar Ingilishi da Ta Taso Daga Wurin Tsayuwa Ta Zama Abin Tsoron Masu Mulki

Duk wanda ya taɓa aikin fassara daga Ingilishi zuwa Hausa ya san wahalar kalmar stage. Likita zai ce ciwon dajin majiyyaci ya kai stage na huɗu, sai mai fassara ya ce mataki. Mai sharhin wasanni zai ce an yi waje da wata ƙasa tun a stage na rukuni, sai a ce zagaye. Injiniya zai ce rokar Saturn V da ta kai mutane duniyar wata a 1969 stage uku gare ta, a nan kuwa gaɓa ake nufi, wadda ke ƙone manta ta faɗi ta bar sauran su wuce. Mawaƙi ya hau stage, dandamali ke nan. Ɗan siyasa kuma ya ce harin da aka kai wa abokin hamayyarsa staged ne, wato shiri ne, haɗa baki aka yi. Mai karatu na iya zaton kalmomi ne daban-daban da suka dace da rubutu iri ɗaya. Ba haka ba ne. Kalma ɗaya ce mai tushe ɗaya, wato wurin da mutum ya tsaya, kuma ma'anar da ta fi sauran shahara, ta dandamalin wasan kwaikwayo, ba don kyan wasa kaɗai ta shahara ba. Ta shahara ne domin Ingila ta yi kusan shekara 400 tana rigima kan wa ke da izinin tsayawa a saman katako ya yi magana jama'a na kallonsa.

Tushen yana cikin Latin, a fi'ilin stare, tsayawa. Daga nan tsohon Faransanci ya samu estage, wanda ke nufin mazauni, wurin da mutum ya yada zama, da kuma hawa ɗaya na gini. Bayan William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu da manyan gidaje na tsawon ƙarnoni, kuma dubban kalmominsa suka malala cikin Ingilishi. A ƙarni na 13 ne ake fara ganin stage a rubuce-rubucen Ingilishi, da ma'anar hawan bene ko wani daɓe da aka ɗaga sama da ƙasa. Faransawa daga baya sun zubar da harafin s, kalmar ta koma étage, kuma har gobe hawan bene take nufi a wurinsu. Wannan fi'ili na Latin ya haifi 'ya'ya da yawa a Ingilishi, irin su state da statue da status da station, kuma ta ƙarshen ta iso bakin Bahaushe a zamanin mulkin mallaka ta zama tasha. Wanda ya ce zai je tashar mota, ba tare da ya sani ba yana amfani da 'yar'uwar kalmar da ake magana a kanta. Daga ma'anar wurin tsayuwa sai hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta bi ƙasa, ta zama ta tafiya da lokaci. Ɗaya ta yi sama, ta zama ta ɗaukaka da nuna kai.

Ta ƙasan ta fi sauƙin bi. A ƙarni na 17 aka fara jigilar fasinja a Ingila da karusar dawaki mai bin hanya tsayayya, kuma tun da doki ba ya jure gudu mai nisa da kaya, sai aka yanka hanya gida-gida, duk bayan mil 10 zuwa 15 akwai masauki inda ake kwance gajiyayyun dawaki a ɗaura sababbi. Wannan masauki shi ake kira stage, karusar kuma stagecoach. Wata sanarwa ta 1706 ta yi alkawarin kai fasinja tsakanin Landan da York, tafiyar mil kusan 200, cikin kwana huɗu in Allah ya yarda. A 1784 John Palmer ya shigo da karusar ɗaukar wasiƙu tsakanin Bristol da Landan, wadda ta yi tafiyar cikin awa 16. Abin lura shi ne sunan bai tsaya kan masaukin kaɗai ba, ya kama tazarar da ke tsakanin masauki biyu, ya kuma kama duk wani abu da ke tafiya kashi-kashi ko da ba a kan hanya ba: girman yaro, ginin gida, shari'a a kotu, ci gaban cuta. Lokacin da likitan Faransa Pierre Denoix ya tsara hanyar auna yaɗuwar ciwon daji tsakanin 1943 da 1952, Ingilishi bai nemi sabuwar kalma ba, wannan ɗin ya ɗauko. Tsohuwar ma'anar kuma ba ta mutu ba. A Kenya da Uganda, wurin da motocin haya da 'yan acaɓa ke tsayawa jiran fasinja stage ake ce masa har yau.

A nan akwai ƙorafin da masana harshe ke yi, kuma yana da nauyi. Suna cewa asalin kalma ba shi ke yanke ma'anarta ba, amfani ne ke yankewa, kuma Baturen da ke cewa stage na huɗu ba ya tunanin doki balle Latin. Gaskiya ne, kuma wanda ya nace cewa ma'anar farko ita ce ta gaskiya ya yi kuskure. Faransanci ma ya ba da shaida mai kyau a kan yadda kalma ke kauce wa zato: yana da wata kalmar stage, daga Latin na zamanin tsakiya, wadda da farko ke nufin wa'adin da sabon malamin coci zai zauna a majami'arsa kafin a tabbatar da shi, yanzu kuma tana nufin zaman koyon aiki. Shi ya sa ɗalibi a Yamai ko Maraɗi zai ce zai tafi stage a asibiti, ɗan'uwansa na Kano ya ɗauka waƙa zai je yi. To amma abin da ake cewa a nan ba wai tushe na mulkin ma'ana ba ne. Cewa ake yi sauyin ba a makance ya faru ba, ya bi hanyar da hankalin ɗan Adam ya saba bi, kuma Hausa ta tabbatar da haka ba tare da ta aro komai daga Turai ba. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suna yada zango inda madugu ya ce a sauka. Zango ya zama sunan wurin, ya zama sunan tafiyar da ke tsakanin sauka biyu, ya zama sunan unguwannin baƙi a Kumasi da Akara, yau kuma muna da zangon karatu da gwamna mai neman zango na biyu. Larabci ya yi haka da marhala, wadda ta fito daga tushen tafiya. Harsuna uku da ba su yi shawara ba sun isa wuri guda, saboda mutum yana auna lokaci da irin ma'aunin da ƙafarsa ta koya masa.

Hanyar da ta yi sama ita ce mai ƙura. A Ingila ta zamanin tsakiya babu gidan wasan kwaikwayo ko ɗaya. A birnin York, ƙungiyoyin masu sana'a ne ke ɗaukar nauyin wasannin addini kusan 48 a ranar bikin Corpus Christi, kowace ƙungiya da labarinta, masu sassaƙa jirgi su ɗauki ginin jirgin Annabi Nuhu, ana jan wasan a kan amalanke daga kusurwa zuwa kusurwa. A wasu garuruwan katako ake haɗawa a fili, a gama a warware. Tun ƙarshen ƙarni na 14 kalmar stage ta fara kama wannan katako, amma tana raba aikin da scaffold, wadda ke nufin dandamalin wasa kuma tana nufin dandamalin da ake sare kan mai laifi. Canjin gaske ya zo a 1576, lokacin da James Burbage, wanda asalinsa kafinta ne, ya gina gida na musamman a Shoreditch, bayan iyakar ikon hukumar birnin Landan. Katakon wannan gida aka kwashe aka haye kogin Thames da shi aka gina Globe a 1599, inda Shakespeare yake da hannun jari. Yarjejeniyar ginin gidan Fortune ta 1600 ta nuna faɗin dandamalinsa ƙafa 43 ne, ya kutso har tsakiyar fili, 'yan kallo sun kewaye shi ta gefe uku. Da kwabo ɗaya mutum zai shiga ya tsaya. Gida irin Globe na iya ɗaukar mutum kusan 3,000, a birnin da jama'arsa ba su wuce 200,000 sosai ba. In ka cire coci, babu inda mutum ɗaya ke iya yi wa taro mai yawan haka magana a rana guda.

Wannan kamanci da coci ba na adon magana ba ne. Girkawa sun sa wa gidan wasa suna theatron, wurin kallo, wato daga ɓangaren masu zama suka raɗa sunan. Romawa kuwa suna kiran dandamalin 'yan wasa pulpitum, kuma wannan kalma ce ta zama pulpit a Ingilishi, mumbarin mai wa'azi. Don haka lokacin da masu wa'azin Landan suka tashi haiƙan suna la'antar wasan kwaikwayo daga kan mumbari, suna tsaye ne a kan abin da ya gaji sunan dandamalin wasa. Ƙorafinsu ma bai ɓuya ba: ƙaho ɗaya daga gidan wasa yana tara mutanen da ƙararrawar coci ba ta tarawa. Gasa ce ta wurin tsayuwa biyu a kan kunnen jama'a guda. Ingilishi, da ya zaɓi kiran sana'ar gaba ɗaya the stage, ya raɗa sunan daga ɓangaren mai tsayuwa, kuma a kan mai tsayuwar doka ta sa ido.

Dokar 1572 ta 'yan gararamba ta lissafa ɗan wasan da ba shi da ubangida a cikin manyan masu sarauta tare da mabarata da 'yan yawon banza, hukuncinsa bulala da huda kunne da jan ƙarfe. Dalilin ke nan da ya sa ƙungiyar Shakespeare ta shiga inuwar babban dogarin fada a 1594, sannan ta koma ta Sarki James da kansa a 1603. Daga 1581 wani jami'in fada, Edmund Tilney, ya samu ikon karanta kowane wasa kafin a yi shi. Tsoron kuma ba na banza ba ne. Ranar 7 ga Fabrairu 1601, magoya bayan Earl na Essex suka ƙara wa 'yan wasan Globe sule 40 don su yi wasan Richard II, wanda a cikinsa ake tuɓe sarki, washegari kuma Essex ya yi yunƙurin tawaye ga Sarauniya Elizabeth. A 1624 wasan Thomas Middleton mai suna A Game at Chess, wanda ya yi ba'a ga Sifaniya, ya yi kwana tara ana cika gida kafin jakadan Sifaniya ya kai ƙara a rufe shi.

Wani zai ce an kai maganar nesa, domin hukuma ba katako take tsoro ba, taro take tsoro, da annoba, da 'yan sane, da faɗan samari masu koyon sana'a. Akwai gaskiya a ciki. An rufe gidajen wasan Landan mafi yawan lokaci tsakanin 1592 da 1594 saboda annoba, haka kuma a 1603, kuma wannan matakin lafiya ne. Sai dai dokar 1737 ta warware shakka. Firayim Minista Robert Walpole, wanda wasannin Henry Fielding suka dame shi da zambo, ya sa majalisa ta wajabta miƙa kowane sabon wasa ga babban dogarin fada kwana 14 kafin a yi shi, kuma ta taƙaita wasan magana a gidaje biyu masu lasisi, Drury Lane da Covent Garden. Dokar ba ta ce komai a kan yawan taro ko tsafta ba, rubutun take so ta gani. Abin da ya fi bayyana manufar shi ne ba ta taɓa ɗab'i ba. Wasan farko da aka hana a ƙarƙashinta, Gustavus Vasa na Henry Brooke a 1739, an buga shi littafi kuma ya yi kasuwa. An hana Salome na Oscar Wilde a 1892, aka buga shi a 1893. Mrs Warren's Profession na Bernard Shaw ya fito a littafi a 1898, an yi shi a kulob na 'yan ƙungiya a 1902, amma bai hau dandamalin jama'a a Landan ba sai 1925. Kalmomin ba su canza ba tsakanin takarda da dandamali. Abin da ya canza shi ne a can mutum na karatu shi kaɗai a ɗakinsa, a nan kuwa mai rai ne tsaye yana faɗa, ɗaruruwa na ji tare, kowa na ganin inda maƙwabcinsa ya yi dariya. Hukuma ta san bambancin, kuma ina ganin ta auna ƙarfin abin daidai, ko da yake maganin da ta ba shi zalunci ne. Fielding ya bar wasan kwaikwayo ya koma aikin lauya da rubutun ƙagaggun labarai, Ingila ta samu Tom Jones a 1749 ta yi asarar marubucin wasa mafi kaifi a zamaninsa.

Ƙarni na 17 ne ya nuna yadda dandamalin wasa da na hukunci suke kusa. Lauya William Prynne ya wallafa Histriomastix, littafi mai shafi fiye da 1,000 na sukar wasan kwaikwayo, a daidai lokacin da Sarauniya Henrietta Maria ke shirin fitowa a wani wasan fada. Aka ɗauki zaginsa ga mata 'yan wasa a matsayin zagin sarauniya, a 1634 aka ci shi tarar fam 5,000, aka tsayar da shi a bainar jama'a aka yanke masa kunnuwa. Mutumin da ya ƙi jinin kallo aka mai da shi abin kallo. Da ra'ayinsa ya samu rinjaye, majalisa ta rufe gidajen wasa a watan Satumba 1642, a 1648 kuma ta ba da umarnin rushe kujeru, da bulale 'yan wasa, da cin kowane ɗan kallo tarar sule biyar. Amma waɗanda suka rufe dandamali ba su jahilci amfaninsa ba. Ranar 30 ga Janairu 1649 sun kafa wani a Whitehall, suka lulluɓe shi da baƙin ƙyalle, a gaban Banqueting House, zauren da Inigo Jones ya zana kuma aka sha yin wasannin fada a cikinsa. Ta wannan zaure aka fito da Sarki Charles na Ɗaya aka sare masa kai. An jera sojoji da yawa tsakaninsa da jama'a har jawabinsa bai isa kunnen taro ba, sai na kusa da shi. An yarda a gan shi, ba a yarda a ji shi ba.

Da sarauta ta dawo a 1660, Charles na Biyu ya buɗe gidajen wasa amma ga mutum biyu kawai ya ba izini, Thomas Killigrew da William Davenant, kuma a ƙarshen wannan shekara mace ta fara fitowa a dandamalin jama'a na Ingila, bayan an daɗe ana sa wa yara maza kayan mata. Rigimar tsayuwa ta koma cikin dandamalin kansa. Masu kuɗi sun saba sayen kujera a kansa, a gefen 'yan wasa, don a ga tufafinsu, har sai da David Garrick ya sauke su daga na Drury Lane a farkon shekarun 1760. Salon Italiya na gina daɓen da gangare, baya ya fi gaba tudu, ya haifar da upstage da downstage. Ɗan wasan da ya matsa baya yana tilasta wa abokinsa ya juyo ya fuskance shi, ya ba 'yan kallo ƙeya. Daga wannan dabara fi'ilin upstage ya fita kasuwa, yana nufin ƙwace wa mutum idon jama'a, kuma jaridun Ingilishi na amfani da shi a kan ministoci da amare ba tare da kowa ya tuna gangaren katako ba.

Majalisar Birtaniya ba ta soke ikon babban dogarin fada a kan wasanni ba sai a watan Satumba 1968, shekara 231 bayan dokar Walpole, kuma washegarin fara aikin sabuwar dokar aka buɗe wasan Hair a Landan, wanda tsohon tsarin ba zai taɓa bari ba. Doka ta janye, amma zargin da masu wa'azi suka yi ya riga ya zauna a cikin harshen. Tun a Girkanci kalmar ɗan wasa ita ce hypokrites, wadda ta ba Ingilishi kalmar munafuki. Haka ma fi'ilin stage ya rabu biyu: a shirya wasa ko taro ko zanga-zanga a fili, ko kuma a shirya ƙarya a nuna ta kamar gaskiya. Juyin mulki ana staging ɗinsa, hatsarin mota na damfarar inshora ma haka, kuma jimla ɗaya na iya ɗaukar kowacce daga cikin biyun. Wannan ne wurin da mai fassara ya fi bukatar natsuwa, domin in rahoto ya ce an yi staging na hari, yana iya nufin mahara sun kai shi da gaske, yana kuma iya nufin babu maharan, shiri ne kawai. Hausa ba ta da kalma ɗaya da za ta riƙe duka biyun, dole sai ya karanta labarin har ƙarshe ya zaɓi tsakanin "sun kai hari" da "an ƙirƙiri hari", kuma in ya zaɓi ba daidai ba ya wanke mai laifi ko ya ƙaryata waɗanda aka kashe.